Su Wa Ke Raba Dakta a Jami'a?

Kowace jami'a a Najeriya tana da wani kwamiti da ba a jin ɗuriyarsa sai bikin yaye ɗalibai ya ƙarato. Shi ne kwamitin digirin girmamawa, mai fitar da mutanen da za a sa wa jar riga da hula mai laushi a kira su Dakta, ba tare da sun kwana a ɗakin karatu ko sun sha wuya a hannun mai duba kundi ba. A takarda hanyar a miƙe take. Tsangayoyi su aiko da sunaye, kwamiti ya tankaɗe ya rairaye, majalisar malamai ta Sanet ta amince, Majalisar Gudanarwa ta sa albarka, ranar biki kuma Uban Jami'a, wanda a jami'o'in tarayya galibi basarake ne da aka ɗauko daga wani sashe na ƙasa, ya furta kalmomin naɗi. Abin da takarda ba ta faɗa ba shi ne irin mutanen da ke kewaye da teburin, kuma a hannunsu maganar take.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Mai Kalkuleta. Yawanci ma'ajin jami'a ne, ko wani farfesa da ya taɓa riƙe kwamitin gine-gine ya ga yoyon ɗakunan kwanan ɗalibai da idonsa. Ba ya karanta tarihin mutum daga farko. Daga ƙarshe yake farawa, inda aka jera kamfanoni. In aka ce wane ya shekara 40 yana koyar da yara a ƙauye, sai ya ce, "Allah ya saka masa da alheri," ya juya shafi. In aka ce wane shi ke shigo da taki da shinkafa, sai ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge. A idonsa kowane suna gini ne. Wannan ɗakin taro ne mai kujera 1,000, wancan rijiyar burtsatse uku da janareta, wancan kuwa ko fentin ƙofar shiga ba zai iya ba. Kada a yi saurin zaginsa. Shi ne wanda takardar kuɗin wuta ke sauka a teburinsa duk wata, shi ya san cewa kuɗin TETFund na gine-gine ne da horar da malamai da bincike, ba na sayen man janareta ba.

In ka matsa masa da zancen martabar ilimi, yana da hujja guda da ya haddace. Digirin girmamawa na farko da aka sani Jami'ar Oxford ce ta ba wani Lionel Woodville a shekarun 1470, kuma babbar cancantar mutumin ita ce ɗan'uwan matar Sarki Edward na Huɗu ne. "To, ranka ya daɗe," in ji Mai Kalkuleta, "waɗanda suka ƙirƙiro abin ma da surukin sarki suka buɗe kasuwa. Mu ne za mu fi su tsantseni?" Laifinsa ɗaya, ba ya daddara. Sau nawa aka sa wa attajiri riga, ya karɓi makirufo ya yi alkawarin ginin naira miliyan 500, aka yi tafi har da guɗa, aka aza harsashi, shekara ta zagayo ba komai a wurin sai allo da ciyawa? Mai Kalkuleta ke kiran waya, yaron gida ke ɗauka ya ce Dakta ya tafi Umara. Baɗi kuma shi ne zai fara kawo sunan ƙanin Daktan.

Abokin karawarsa na dindindin shi ne Sarkin Ƙa'ida, wanda ba ya zuwa taro sai da wata tsohuwar takarda da ya sa aka rufe ta da leda don kada ta yage. Yarjejeniyar Keffi ce. A 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya suka taru a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, abin ya ishe su, suka yarda a kan cewa ba za a ƙara ba mai riƙe da muƙamin gwamnati digirin girmamawa ba, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, ba za a wuce mutum uku a biki ɗaya ba, kuma jami'ar da ita kanta ba ta fara yaye masu digiri na uku ba ta kame hannunta. Sarkin Ƙa'ida ya hardace wannan takarda har da waƙafinta. Da an ambaci sunan minista sai ka ji ƙarar leda.

Sai dai ka tara farfesoshi goma a ɗaki ɗaya ka ga yadda ake yi wa doka tawili. An ce kada a ba mai muƙami, ai ba a ce kada a ba mahaifinsa ba, ko uwargidansa mai gidauniyar marayu da aka yi wa rajista watan jiya. An ce uku a biki ɗaya, to bikin bana haɗaka ne na shekara uku da yajin aiki ya cinye, uku sau uku kuwa tara ne. Wannan lissafi Mai Kalkuleta ya yi shi ko na'urarsa bai taɓa ba. In duk dabara ta ƙare, sai a leƙa jadawali a gano makon da Sarkin Ƙa'ida zai tafi Maiduguri ko Sakkwato duba kundin ɗalibai, a kira taron gaggawa ranar Talatar makon. Ya dawo ya tarar an gama, ya rubuta ƙorafi shafi shida, a karɓa da hannu biyu a sa a fayil. Ni dai ina ganin girmansa, ko da yake zama kusa da shi a walima jarrabawa ce.

Shi kuwa Ɗan Aike ba shi da ra'ayi, saƙo gare shi. Ba ya cewa "ina so", sai dai "ana so". Wa ke so? Sai ya ɗaga ido ya dubi silin. A jami'ar jiha kowa ya san ma'anar silin ɗin, tun da gwamna ke naɗa Majalisar Gudanarwa, kuma daga hannunsa albashi ke fitowa. Wayarsa takan yi ƙara daidai lokacin da aka kusa rufe jerin sunaye. Ya miƙe tsaye kafin ya amsa, ya rusuna wa wanda ba ya ganinsa, ya fita yana "Yallaɓai, Yallaɓai", ya dawo da suna na huɗu a rubuce a bayan katin ɗaurin aure. Ba ya gardama da kowa. Yakan ce kawai, "Ni dai na isar. Kuma kun san takardarmu ta kuɗin tantance kwasa-kwasai tana kan teburinsa." Ba a taɓa jin ya karanta tarihin mutumin da ya kawo ba, kuma ba a taɓa ganin mutuminsa ya faɗi ba.

Da an fara daidaitawa sai Ɗan Raba-Daidai ya fito da taswira. Shi bai damu da ko wane ne za a ba ba, daga ina ya fito ita ce tambayarsa. Bara an ba shiyyar kudu, bariya an ba ta tsakiya, ta arewa me ta yi? An sa sarkin wancan gari, namu sarkin fa, ko sandarsa ce ta fi gajarta? Musulmi biyu sun shiga, ina Kirista? Dukansu 'yan kasuwa ne, ina tsohon soja? In ka kawo masa mutumin da ya gano maganin zazzaɓin cizon sauro, zai ce madalla, amma ƙaramar hukumarsu ta samu a bikin da ya wuce. Da shi kaɗai za a bari, jerin zai kai mutum 36, da ɗaya na Abuja.

Akwai kuma Ɗan Ingila. Ya yi karatu can a zamanin da naira ke da daraja, ya dawo da jaka da lema da jimla ɗaya: "A can ba haka ake yi ba." Labarinsa na ƙauna shi ne na Margaret Thatcher. A 1985 tana kan kujerar Firayim Ministar Birtaniya, tsohuwar ɗalibar Oxford ce kuma, amma malaman jami'ar suka kaɗa ƙuri'a 738 da 319 suka hana ta digirin girmamawa saboda ta zaftare kuɗin ilimi. Labarin gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji karo na farko. Daga nan sai ya tsallaka Amurka ya tuna wa kwamiti cewa jami'ar MIT ba ta ba da irin wannan digiri sam. Sunayen da yake kawowa duk na masu lambar Nobel ne waɗanda ba su san da jami'ar a duniya ba, balle su hau jirgi su zo su zauna a ƙarƙashin rumfa a watan Maris. Maganinsa wani ƙaramin malami ne da ya tono cewa a 1996 wata kwaleji a jihar New York ta ba kwaɗon nan na wasan 'yar tsana, Kermit, digirin girmamawa, har kwaɗon ya yi jawabi. Ɗan Ingila ya ce ai wannan Amurka ce. Abin lura game da shi, duk jarumtar malaman Oxford da yake bayarwa, ranar da sunan da ya fito daga silin ya zo gaban kwamiti, alwalarsa takan karye ana gab da ɗaga hannu.

Lauyan jami'a, Mai Tsoron Gobe, tambaya ɗaya yake yi wa kowane suna: "Yana da magana a EFCC?" In aka ce babu, sai ya ce, "Tukuna." Shi ma yana da nasa labarin. Jami'ar Edinburgh ta ba Robert Mugabe digiri a 1984 ana yabonsa a matsayin gwarzon 'yanci, a 2007 ta janye abinta. Shekara 23 ke nan tsakanin tafi da cizon yatsa, kuma lauya ba ya son ya zama shi ne zai rubuta wasiƙar janyewa. Saboda haka ya fi son mamata. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba zai sauya jam'iyya ba, ba za a gan shi a kotu da sandar dogarawa da abin wuyan asibiti ba, ba zai nemi a ba tawagarsa ɗaki 20 a otal ba. Ɗa ko jika ya zo ya karɓi riga, a yi addu'a, a watse.

Ɗan Gwagwarmaya ba sai an daɗe a kansa ba. Ba ya yarda da kowa, ba ya yarda da digirin kansa, yana ganin kwamitin ma reshe ne na jari-hujja. Yakan yi jawabi na minti 25 a kan ɗalibai 300 da ke karatu a tsaye, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sannan ya tattara takardunsa ya fice cikin fushi. Yakan dawo daidai lokacin da aka shigo da shinkafa da kaza, don a rubuta cewa ya ci ne ba da son ransa ba. Kusa da kujerarsa akwai Mai Gyangyaɗi, wanda ke farkawa sau biyu a taro, ya ce "na goyi baya", ya koma. An taɓa samunsa ya goyi bayan shawarwari biyu masu karo da juna, aka lissafa masa duka.

Mace ɗaya ce a ɗakin, kuma an sa ta ne don kada a ce babu. Hajiya Farfesa takan bari a gama jera maza tara, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, a duk faɗin ƙasar nan ba mace ko ɗaya?" Sai ɗaki ya yi tsit, sai wani ya yi farat ya ce ga uwargidan gwamna. Nan take takan buɗe jaka ta ɗora naira 20 a kan teburi, ta juya bayan takardar. Hoton Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane da ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ta shiga cibiyar gina tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, aka kai ta Turai da Amurka tana nuna gwaninta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. "Mijin wa aka duba?" in ji Hajiya. Kowa ya yaba da wannan tunatarwa, Shugaba ya ce a rubuta cewa baɗi za a ba mata muhimmanci na musamman. Abin da aka rubuta bara ke nan.

Wanda na fi tausayi, kuma na fi so, shi ne Dattijo Mai Suna Ɗaya. Galibi daga Sashen Harsuna yake ko na Tarihi, ritaya ta kusa, motarsa ta girmi wasu malaman. Duk shekara suna ɗaya yake kawowa: wani malamin zaure da ya rubuta littattafai da ajami ya yaye almajiran da suka zama alƙalai, ko wata ungozoma da rabin garin suka faɗo a hannunta, ko wani makaɗi da masu digiri na uku bakwai suka ci abinci da waƙoƙinsa shi kuwa yana gidan haya. Ba ya ɗaga murya. Yakan tuna wa kwamiti cewa jami'ar Zariya ta karrama Wazirin Sakkwato Junaidu, ta karrama Aliyu Namangi, makahon da ya wallafa Imfiraji, ta karrama Mamman Shata a 1988. Ya tambaye su, tun daga ranar har yau, wa ya taɓa jin an ce Dakta Mamman Shata aka yi dariyar ƙeta? Ba mai amsawa, don ba amsa. Waɗannan su ne digirorin da jama'a suka karɓa suka riƙe, mai shayi da direban tasha suna faɗa da bakinsu ba wanda ya tilasta su. Na 'yan kwangila kuwa, ko magatakardan da ya buga takardar ba zai iya kawo maka sunaye biyar na shekara goma da suka wuce ba. Jami'a ce ta ci riba da Shata, ba Shata ne ya ci riba da jami'a ba.

Amsar da Dattijo ke samu ba ta canzawa. "Allah ya gafarta malam, magana ce mai ƙarfi. A ajiye mana shi zuwa baɗi." Mai Kalkuleta ya duba ya ga ba ko bulo ɗaya, Ɗan Raba-Daidai ya ce shiyyarsu ta cika, Ɗan Ingila ya tambaya ko mutumin yana da maƙala a mujallar ƙasashen waje. Haka za a yi ta ajiyewa har ranar da za a ji sanarwar rasuwa a rediyo. A taro na gaba lauya da kansa zai gabatar da sunan, kwamiti ya amince baki ɗaya, a yi shiru na minti ɗaya.

Duk wannan hayaniya Shugaban Jami'a yana zaune a kan teburi yana murza carbi ko biro, yana ba kowa dama. Wa'adinsa shekara biyar ne ba ƙari, kuma halinsa ya danganta da shekarar da yake ciki. A ta farko yana tare da Sarkin Ƙa'ida. A ta uku, bayan ya ga asusu, ya koma wajen Mai Kalkuleta. A ta biyar kuwa, da ya fara tunanin inda zai sa ƙafa in ya sauka, Ɗan Aike ba ya buƙatar ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan awa huɗu sai ya dubi agogo ya ce, "To, alhamdu lillahi, kamar dai bakinmu ya zo ɗaya," ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun gaba ya karanta sunaye. An buga ta da kwamfuta tun jiya. Magatakarda, wanda ya ga shugabanni huɗu sun zo sun wuce bai taɓa nuna mamaki ba, ya rubuta: "Bayan tattaunawa mai zurfi, kwamiti ya amince."

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya cikin masu zaɓe amma a kansa kayan ke ƙarewa. Shi ne mai jawabin yabo na jami'a, farfesan adabi mai zaƙin murya da za a miƙa wa tarihin mutum shafi ɗaya da rabi a ce ya fitar da minti 15. A bakinsa ɗan kwangilar da ya bar titi rabi yakan zama ginshiƙin raya karkara, wanda ya bar makaranta a aji uku ya zama ɗalibin jami'ar rayuwa, wanda ya yi jam'iyya biyar ya zama gadar haɗa kan ƙasa. Aikinsa da na maroƙin fada ɗaya ne, sai dai shi maroƙi a nan take ake cusa masa kuɗi a aljihu, farfesa kuwa sai ya cika fom ya jira wata uku. A can bayan rumfa, cikin rana, waɗanda suka shekara bakwai suna neman digiri na uku na gaske suna fifita da takardar shirin biki, suna jiran a gama da manyan baƙi a kira su a dunƙule.

Washegari jaridu su cika da shafukan taya murna, a sauya allon ƙofar gida, a gargaɗi direba da mai gadi a kan sabon suna. Kasuwar ta yi albarka har waɗanda ba jami'a ba suka shigo ta. A 2025 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ce bincikenta ya gano cibiyoyi 32 da ba abin da suke yi sai buga irin wannan digiri, ta kuma sake jaddada hana masu riƙe da muƙami. A shekarar ce ita ma hukumar manyan makarantu ta Ghana ta hana masu digirin girmamawa liƙa Dakta a gaban sunansu. Sarkin Ƙa'ida ya riga ya kai sabuwar takardar an rufe masa da leda.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya sa kana cikin kwamitin bana, ba a ce ka yi faɗa da Ɗan Aike ba, kana da iyali. A cikin gurabe ukun nan ka bar musu biyu. Idan Dattijo ya miƙe ya kawo sunan nan nasa, ka ɗaga hannu tare da shi, ka taɓa Mai Gyangyaɗi ya farka ya goyi baya, a sa wa bawan Allah rigarsa tun yana iya zuwa da ƙafarsa.